Azumin Kwana Arba'in a Wurin Kirista: Tuba da Binciken Kai Gabanin Idin Ista

Gabatarwa

Mazaunin Talatar Mafara, ko Bakura, ko Maradun, wanda yake hulɗa da Kiristocin da aiki ko fatauci ya kawo su ƙasar Zamfara, malaman makaranta ne, ko ma'aikatan asibiti, ko masu shaguna, ko matasa 'yan bautar ƙasa, mai yiwuwa ya taɓa ganin ɗayansu wata Laraba a ƙarshen hunturu da tabon toka a goshi. In ya tambaya, sai a ce masa azumi aka fara. Can da rana kuma sai ya ga mai azumin nan ya kafa kai yana shan ruwa. Daga irin wannan ne aka samo hukuncin da ya yaɗu a bakunan jama'a, cewa Kirista ba su da azumi sai suna, domin azumin da ake shan ruwa a cikinsa ba azumi ba ne.

Tambayar ta ƙara yawaita a 'yan shekarun nan saboda lokutan biyu sun haɗu. A shekarar 2025 an ɗauki azumin Ramadan na 1446 a Nijeriya ranar 1 ga Maris, Kirista kuma suka fara nasu ranar 5 ga watan. A 2026 Larabar Toka ta faɗo ranar 18 ga Fabrairu, a makon da Ramadan na 1447 ya kama. Malamin da ke zaman tafsiri, da zarar ya iso aya ta 183 a cikin Suratul Baƙara, wadda ta bayyana cewa an wajabta azumi a kan al'ummomin da suka gabata, ba zai rasa mai tambayarsa ba: shin abin da maƙwabtanmu suke yi shi ne wancan azumin? Amsar da za ta fito daga bakinsa ko dai ta zama ta ilimi, ko ta zama ta ji-ta-ji-ta. Malaman Musulunci na farko ba su ɗauki sanin wannan a matsayin ɓata lokaci ba. Abu Raihan al-Biruni, a littafinsa al-Asarul Baƙiya da ya rubuta wajen shekarar 390 ta Hijira, ya yi bayanin azumin Nasara da lissafinsa, ya ce kwana 48 ne, ana fara shi ranar Litinin. Da haka ya siffanta azumin Kiristocin Gabas waɗanda ya sani.

Inda ruɗanin ya samo asali

Tushen rashin fahimtar yana cikin kalmar kanta. Lokacin da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa a shekarar 1932, masu fassarar sun iske harshen ya daɗe da ƙoshi da kalmomin Musulunci. Ba su da wata mafita sai su ɗauki azumi, da tuba, da addu'a, da sadaka, da zunubi, da gafara, su ɗora musu ma'anonin addininsu. Bahaushe Musulmi kuwa, wanda ya taso da Ishmawi da Iziyya da Risala, idan ya ji an ce azumi, abu ɗaya ne yake zuwa zuciyarsa: kamewa daga ci da sha da saduwa, tun daga ɓullowar alfijir har faɗuwar rana, tare da niyya. Da wannan mudun yake auna abin da Kirista yake yi, sai ya ga bai cika ba.

Amma mudun ba na wannan kaya ba ne. Sunan lokacin a harshen Latin da na Girka yana nufin "na arba'in" kawai, babu ambaton abinci a cikinsa. Kalmar da Turawan Ingila suke amfani da ita ta samo asali ne daga tsohon sunan da suke kiran lokacin da yini yake fara tsawo bayan sanyi. Larabawa Kirista ne suke cewa as-Saumul Kabir, wato babban azumi. Abin da cocin yake nufi da waɗannan kwanaki shi ne zango na tuba da gyaran zuciya domin shirin Idin Ista, idin da ya fi kowane girma a wurinsu, ya fi ma Kirsimeti. Rage abinci ɗaya ne daga cikin kayan aikin wannan zango, tare da addu'a da sadaka. Wanda yake son ya kwatanta shi da wani abu a Musulunci, babin muhasaba da tuba ne ya kamata ya buɗe kafin babin azumi.

Yadda kwanakin suka zama arba'in

Malaman tarihin coci ba su da'awar cewa Annabi Isa, alaihis salam, shi ne ya shar'anta wannan azumi da adadinsa. Abin da suke kafa hujja da shi koyi ne: littattafan Matiyu da Markus da Luka sun ba da labarin kwana arba'in da ya yi a jeji Shaiɗan yana jarraba shi, kamar yadda Annabi Musa, alaihis salam, ya yi arba'in a kan dutse, abin da Alƙur'ani ma ya ambata a Baƙara aya ta 51 da A'arafi aya ta 142. Amma mayar da wannan adadi ibadar shekara-shekara, aiki ne da ya ɗauki ƙarnoni.

A ƙarshen ƙarni na biyu na Miladiyya, Bishop Ireniyus na birnin Liyon ya rubuta wa bishop na Roma cewa mutane sun saɓa a kan azumin da ake yi gabanin Ista: wasu kwana ɗaya suke yi, wasu biyu, wasu fiye da haka. Sai a ƙarni na huɗu ne arba'in ta bayyana sarai. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta ambaci kalmar a ƙa'idarta ta biyar, Atanasiyus na Iskandariyya kuma ya riƙa kwaɗaitar da mutanen Masar a kanta cikin wasiƙun da yake aikawa kowace shekara. Duk da haka ba a daidaita ba. A Ƙudus, a ƙarshen wannan ƙarni, mako takwas ake yi, a wasu wurare shida, a wasu bakwai. Kiristocin Yamma ba su azumtar Lahadi, saboda haka mako shida yake ba su kwana 36 kawai. Domin cika arba'in sai aka ƙara kwana huɗu a gaba, farkon azumin ya koma Laraba. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajiberen Ista kwana 46 ne, in aka cire Lahadi shida sai a sami 40.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin tafsiri. Imam aɗ-Ɗabari, a ƙarƙashin ayar azumi, ya kawo riwaya daga Suddi cewa an wajabta wa Nasara watan Ramadan, da ya yi musu tsanani a lokacin zafi da sanyi sai suka mayar da shi tsakanin lokutan biyu, suka ƙara kwana ashirin a matsayin kaffara, ya zama hamsin. Wannan asar ne na magabata, ba nassi yankakke ba, kuma bayaninsa bai yi daidai da abin da takardun coci suka nuna ba ta kowace fuska. Amma ya dace da abu biyu da ake gani har yau: azumin Kiristocin Gabas yana kusa da kwana hamsin, yana kuma ɗaure da yanayin shekara, ba ya zagayawa kamar Ramadan. Ana yin Ista ranar Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka a lissafin Yamma ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai lokacin tohon itatuwa ke nan. A ƙasar Zamfara kuwa azumin yana farawa ne da sauran ƙurar hunturu, ya ƙare a tsakiyar zafin bazara.

Abin da ya ba wa kwanakin ruhinsu rukuni biyu ne na mutane a cocin farko. Na ɗaya su ne masu shirin shiga addinin, waɗanda ake yi wa baftisma a daren Ista. Kwanakin arba'in su ne zangon ƙarshe na karantar da su da bincikar halayensu. Na biyu su ne waɗanda suka aikata babban laifi, kamar kisa ko zina ko fita daga addini a lokacin tsanani. Irin waɗannan akan sa musu tufa mai kaushi, a zuba musu toka a ka, a hana su Jibin Ubangiji, har sai ranar Alhamis ta makon ƙarshe a karɓe su a gaban jama'a. Da wannan tuba ta bainar jama'a ta ja baya, sai tokar ta koma kan kowa da kowa. A taron Benebento na shekarar 1091, Fafaroma Urban na Biyu ya umarci a riƙa sa wa dukkan mabiya, maza da mata, malamai da gama-gari. Ma'anar a bayyane take: babu wanda ya fi ƙarfin zama a sahun masu laifi. Ana samun tokar ne daga ƙona ganyen dabino ko makamancinsa da aka riƙe a Lahadin da ta gabaci Istar bara. Mai shafawar yakan faɗi kalmomin da ke tunatar da mutum cewa daga ƙasa ya fito kuma cikinta zai koma, ko kuma waɗanda ke kiransa zuwa tuba.

Abin da ake bari na ci da sha

A zamanin da, ko a Yamma abin yana da tsanani. Sau ɗaya ake cin abinci a yini, bayan la'asar ko da yamma, babu nama, a wurare da yawa babu ƙwai ko madara. Sannu a hankali aka riƙa sassautawa, har Fafaroma Bulus na Shida ya sake tsara dokar a watan Fabrairun 1966, kundin dokokin Katolika na 1983 kuma ya tabbatar da ita. A yanzu ranaku biyu ne kawai na azumin dole a wurin Katolika: Larabar Toka da Juma'ar da suke tunawa da gicciye. A waɗannan ranaku ana cin cikakken abinci sau ɗaya, tare da ɗan abin taɓawa sau biyu, ruwa kuwa ba a hana shi ba. Wannan ya hau kan wanda ya kai shekara 18 har zuwa shigarsa ta 60. Barin nama a ranakun Juma'a na lokacin ya hau kan wanda ya cika 14, kifi kuma bai shiga hanin ba. Sauran kwanakin an bar wa mutum ya zaɓi abin da zai hana kansa: wani ya bar giya ko taba, wani ya bar nama gaba ɗaya, wani ya ƙi cin komai sai rana ta raba ko sai ƙarfe shida na yamma.

Kiristocin Gabas ba su sassauta haka ba. Kibɗawan Masar da 'yan Otodoks na Habasha kwana 55 suke yi, ba nama, ba madara, ba ƙwai, masu himma daga cikinsu kuma ba sa sa komai a baki sai bayan ƙarfe uku na rana. Saboda haka maganar cewa azumin Kirista kaza ne, ba tare da an faɗi wane Kirista ba, magana ce da ba ta da kai.

Binciken kai

Nan ne zuciyar al'amarin take. Karatun da ake yi a coci ranar Larabar Toka ya haɗa da wani yanki na littafin Yowel mai kira ga komawa ga Allah da zuciya ɗaya, da Zabura ta 51 ta neman gafara, da sura ta shida ta Matiyu, inda aka yi kashedi a kan yin sadaka da addu'a da azumi domin idon mutane. Cikin kwanakin farko kuma ana karanta sura ta 58 ta Ishaya, wadda ta soki masu azumi suna zaluntar ma'aikatansu, ta ce azumin da ake so shi ne sakin wanda aka danne da ciyar da mayunwaci. Musulmin da ya san hadisin Bukhari game da wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba alhali yana azumi, ba zai ji wannan ma'ana baƙuwa ba. Abin mamaki shi ne, a ranar da ake karanta hani ga nuna ibada, a ranar ce ake fita da alama a goshi. Masu wa'azinsu sun san da wannan, sukan amsa cewa tokar shaidar laifi ce ba ta nagarta ba. Ko amsar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, matsalar riya ce dai da malaman zuciya suka sani a ko'ina.

Binciken kai a wurinsu yana da tsari, ba tunani ba ne kara zube. Mutum yakan keɓe, ya bi Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kansa abin da ya yi da tunani, da magana, da aiki, da kuma abin da ya wajaba ya yi amma ya bari. Ya saɓa wa iyayensa? Ya yi shaidar zur? Ya tauye mudu, ko ya riƙe ladan wanda ya yi masa aiki? Ya ɓata sunan wani a bayan idonsa? Ya ga mabuƙaci ya kau da kai? Wasu kuma sukan bi jerin manyan cututtuka bakwai: girman kai, rowa, hassada, fushi, sha'awa, haɗama da kasala. Wannan jeri ya samo asali ne daga masu zuhudu na hamadar Masar. Ibagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya lissafa miyagun tunani takwas da ke kai wa mai ibada hari, daga baya Fafaroma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya sake tsara su. Ana kiransu manya ne domin su ne iyayen sauran zunubai. Mai karatun rubu'in Muhlikat na Ihya'u Ulumiddin, ko Tahzibul Insan na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, zai gane yawancinsu da ganin farko.

Wanda ya fi kowa tasiri a kan yadda Katolika suke binciken kai a yau shi ne Ignatiyus na Loyola, sojan Sifen da aka ji wa rauni a yaƙin Famfalona a 1521, ya bar aikin soja, daga baya ya kafa ƙungiyar Jizuwit wadda aka amince da ita a 1540. A littafinsa na horon ruhi ya shimfiɗa matakai biyar da ake bi kullum. Ana farawa da godiya ga Allah a kan ni'imominsa. Sai a roƙi haske domin a ga laifi yadda yake. Sai a bi yinin sa'a bayan sa'a tun daga tashi daga barci. Sai neman gafara, sai ƙudurin gyara. Ya ƙara da wata hanya ta musamman domin yaƙar aibi guda: mutum ya ɗauki niyya da safe, ya bincika da rana, ya sake bincikawa da dare, yana ɗiga alama a takarda duk lokacin da ya faɗa, domin ya gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Sa godiya a gaba da lissafin laifi hikima ce da ta cancanci a yaba, domin wanda ya fara da kallon zunubinsa kaɗai yana iya faɗawa cikin yanke ƙauna ko waswasi.

Ƙarni huɗu kafin Ignatiyus, Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, ya riga ya keɓe littafi guda a cikin Ihya domin muraƙaba da muhasaba, ya jera matakai shida: gindaya wa rai sharaɗi da safe, sa mata ido, yi mata hisabi, hukunta ta, yaƙar ta, da kuma zarginta. Misalin da ya bayar na ɗan kasuwa ne da abokin cinikinsa, irin wanda duk mai cin kasuwar Talata a Mafara zai fahimta ba tare da sharhi ba: farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuwa hasara, kuma ba a kwana sai an yi lissafi. Kafin Gazali ma akwai Haris al-Muhasibi, wanda ya rasu a 243, wanda laƙabinsa kansa daga wannan aiki ya fito. Kamannin a fili suke, amma kamanni kaɗai ba su isa hujjar cewa wani ya ɗauka daga wani ba. Rai ɗaya ake bincike, dabarunta na kare kanta kuma ba su canzawa daga wannan al'umma zuwa waccan.

Inda hanyoyi suka rabu

Binciken kai a wurin Katolika ba ya tsayawa a zuciya, yana kaiwa ne ga furta zunubi a gaban fada. Majalisar Lateran ta Huɗu, a 1215, ta wajabta wa kowane baligi ya yi wannan furuci aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibin Ubangiji a lokacin Ista. Wannan ne ya sa kwanakin arba'in suka zama lokacin da aka fi yin layi a wurin furuci. Ana buƙatar abu uku daga mai tuba: nadama tare da ƙudurin bari, da faɗin manyan zunubai da baki, da aikata abin da aka ɗora masa na addu'a ko sadaka. Wanda ya ci dukiyar wani sai ya mayar, wanda ya ɓata suna sai ya gyara. Fada kuma an haramta masa bayyana abin da ya ji ko da za a kashe shi. Malamansu sun bambanta nadamar da ƙaunar Allah ta haifar da wadda tsoron azaba ya haifar, suka ce ta farko ce cikakkiya.

Ɗalibin da ya haddace farkon Ahalari zai ga sharuɗɗan tuba da ya sani: nadama, da barin saɓon nan take, da niyyar ba za a koma ba, da mayar da haƙƙoƙi. Amma zai ga ƙari wanda Musulunci bai yarda da shi ba. Katolika suna cewa fada ba da ikon kansa yake furta gafara ba, da sunan Almasihu yake yi, suna kafa hujja da sura ta 20 ta littafin Yohanna. A Musulunci kuwa babu wani tsani tsakanin bawa da Ubangijinsa a babin gafara, kamar yadda aya ta 135 ta Ali Imrana ta nuna, kuma Sunna ta kwaɗaitar da wanda Allah ya suturta ya suturta kansa.

Rabuwar da ta fi wannan zurfi ita ce ta dalilin da ya sa ake fatan gafarar. Dukkan kwanakin arba'in suna tafiya ne zuwa ga makon ƙarshe, inda ake tunawa da abin da Kirista suka yi imani da shi na gicciye Annabi Isa da tashinsa, da cewa mutuwarsa fansa ce ga zunubin da 'yan Adam suka gada. Ibadar Hanyar Gicciye da ake yi a ranakun Juma'a, mai zango 14 kamar yadda Fafaroma Kilemen na Sha Biyu ya ƙayyade a 1731, bimbini ce a kan wannan. Alƙur'ani ya kore gicciyen a Nisa'i aya ta 157, ya tabbatar a Baƙara aya ta 37 cewa Annabi Adam ya tuba an kuma karɓi tubarsa, ya kuma maimaita a wurare da dama cewa babu mai ɗaukar nauyin laifin wani. Don haka wanda ya ce azumin biyu abu ɗaya ne da suna biyu, bai yi wa kowane ɓangare adalci ba. Malamin Kirista mai riƙo da aƙidarsa ma ba zai yarda da wannan magana ba.

Kiristocin da ke ƙasar Zamfara

Kiristocin wannan yanki ba tafiyarsu ɗaya ba a kan wannan lokaci. Katolika na Zamfara suna ƙarƙashin dayosis ta Sakkwato, wadda ta zama cikakkiyar dayosis a 1964 a hannun limaman ɗariƙar Dominik daga Amurka, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma yake jagorantarta tun 2011. Su ne suka fi riƙo da tokar da furucin da Hanyar Gicciye. Angalika, waɗanda suke da dayosis a Gusau, suna kiyaye kwanakin arba'in da addu'o'insu, amma furta zunubi ga limami ba wajibi ba ne a wurinsu. Cocin ECWA, wanda ya fito daga aikin mishan na SIM, da Baftis da majami'un Fentikos, yawancinsu ba su ɗauki lokacin a matsayin doka ba, ko da yake suna bikin Ista. Da yawa daga majami'un Fentikos suna da nasu azumin a farkon shekara, wanda shugabanninsu suke ƙayyade kwanakinsa. Wannan saɓani tsoho ne. A birnin Zurik na Siwizalan, a 1522, wasu mutane suka ci nama da gangan a cikin azumin a gidan wani mai ɗab'i, malaminsu Zuwingili kuma ya kare su da cewa abin da nassi bai wajabta ba coci ba shi da ikon wajabta shi. Hujja ce da kunnen ɗalibin usulu ya saba da irinta.

Hukuncin shiga ibadun da bukukuwan da suka keɓanta da wani addini sananne ne a wurin malamai, Ibn Taimiyya ma ya yi dogon bayani a Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim game da Musulmin Sham da suke kwaikwayon al'adun Alhamis ɗin ƙarshen azumin Nasara. Sanin abu daban, aikata shi daban. Aya ta 46 ta Ankabut ta yi umarnin a yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, wanda kuwa ya siffanta ibadar abokin jayayyarsa da abin da ba haka take ba, ya rushe hujjarsa tun kafin ya kafa ta. Ta ɗaya ɓangaren, takardar Majalisar Batikan ta Biyu game da sauran addinai, ta shekarar 1965, ta ambaci salla da zakka da azumi a cikin abubuwan da take girmama Musulmi saboda su, fadar Fafaroma kuma tana aiko da saƙon Ramadan da Sallah tun 1967.

Haɗuwar lokutan biyu ba mai daɗewa ba ce. Ramadan yana matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, azumin Kirista kuwa yana nan tsakanin Fabrairu da Afrilu. A 2027 Larabar Toka za ta kasance 10 ga Fabrairu, cikin kwanakin farko na Ramadan bisa lissafi. A 2028 za ta faɗo 1 ga Maris, bayan an riga an yi Ƙaramar Sallah. Daga nan, a lissafin Kiristocin Yamma wanda majami'un Nijeriya suke bi, sai an shafe fiye da shekara 25 kafin su sake haɗuwa.